Karin Rufe Ƙofa na Baba Mesod

Sefru, Maroko
9 ga Yuli, 1979

Ƙanena Amram,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Simi da yaran. Ka ce wa Simi hoton da ta aiko ya iso, babbar yarinyar ta kwaso hancin gidanku kaf, Allah ya ba ta haƙuri. Mu nan lafiya, sai zafi. Baba yana cin abincinsa. Idanun ne suka ƙarasa, yanzu da sanda da kafaɗata yake zuwa majami'a.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makluf mai yadi ya sayar da shagonsa, bayan idi zai bi 'ya'yansa Faransa. Har da shi, Yahudawa maza tara suka rage a garin nan, ka kuwa san sai da goma ake addu'ar jam'i. A taran ma akwai Shalom kurma, wanda barci yake yi tun daga buɗe littafi. Manyanmu na Kasabalanka sun aiko cewa da an gama azumin Kippur na bana za a kwashe littattafan Attaura a kai Fas, a kulle majami'ar. Wannan ne na ƙarshe.

Baba ya shekara hamsin da ɗaya yana hazan a wurin nan, shi ke rera addu'a jama'a na amsawa, ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba. Asabar ɗin da ta wuce muryarsa ta karye a tsakiyar aya. Ya yi tari, ya sake ɗauka, ta ƙi. Makluf ne ya ƙarasa da muryar nan tasa ta mai tallan albasa. Da muka dawo gida Baba bai taɓa abincin tukunyar Asabar ba. Can da la'asar ya ce, “Fireha, shekarar Amram nawa a Kanada?” Na ce goma sha ɗaya. Ya ce, “To, muryarsa ta nuna ke nan.”

Kada ka ga kamar zumuncin ya yi nisa. Kakanka da kakana ne wa da ƙani, na sani. Amma kana shekara tara mahaifiyarka ta kawo ka gidan nan da ɗan ƙullin kayanka, ni na riƙa cire maka ƙwarƙwata, Baba kuma ya zuba maka duk abin da ke bakinsa. Ba shi da ɗa namiji.

Bai ce ka zo ba. Ka san shi, tun rasuwar uwata ban ji ya roƙi kowa ko ruwan sha ba. Ni dai na faɗa maka halin da ake ciki.

Yayarka,
Fireha


Montreal
6 ga Agusta, 1979

Yaya Fireha,

Gaisuwa da ban girma. Ki sumbaci hannun Baba a madadina. Mu nan kowa lafiya, Simi ce ke fama da ciwon baya, ta ce a gaishe ki, ta ce hancin ba laifinta ba ne. Na ba wani ɗan Fas da zai zo gida zuma da alewar maƙogwaro, ki riƙa ba Baba da ruwan ɗumi.

Labarin majami'a ya hana ni cin abinci kwana biyu. Amma hankalina ya ɗan kwanta da kika ce bai ce in zo ba. Baba ya san aikin nan fiye da kowa. Ya san hazan ba ya barin jama'arsa ranar Kippur, kamar yadda shi bai taɓa barin tasa ba.

Yaya, nan ba kamar gida ba ne. A gida an haifi Baba hazan, zai mutu hazan. A nan kwantiragi ne, duk shekara biyu kwamiti ke zama a duba ko a sabunta, nawa kuma bana yake ƙarewa. Mutum ɗari takwas ke cika wurin ranar Kippur, rabinsu ba a sake ganinsu sai baɗi, da wannan rana ɗaya suke auna ni. Shugaban kwamitin, Arman, ɗan Meknes ne, na san uwarsa. Kwanaki ya ja ni gefe ya ce, “Hazan, muryarka zuma ce, amma ka rage lanƙwasa. Yaranmu a nan aka haife su, suna ta duban agogo.” Na ce haka aka koya mini. Ya yi dariya ya ce, “A Sefru. Can ai ba wanda ke da inda za shi.” Sun kuma kawo wani daga Paris, ya yi makarantar kiɗa, yana karanta waƙa a takarda. Wai taimaka mini zai yi. In na ɗaga ƙafa a wannan rana, ba zan dawo in tarar da wurina ba.

Alfarma ɗaya nake nema. Karin rufe ƙofa, wanda Baba ke yi da faɗuwar rana a ƙarshen azumi, gaɓa uku kawai na riƙe, su ma ba daidai ba. Ta huɗun yana yin ta ne fuskarsa cikin mayafin addu'a, jama'a na kuka, ban taɓa jin ta sosai ba. Kullum sai ya ce mini sai muryata ta nuna. Na sa rikoda da kaset cikin saƙon. Ki lallaɓa shi ya rera, don kada ya ɓace.

Baɗi da bazara, in Allah ya yarda, zan zo da kaina.

Ƙanenki,
Amram


Sefru
17 ga Oktoba, 1979

Amram,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi. Zumar ta iso.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ban san makarantar da ka yi ta kai ka haka ba, har kana karanta abin da ba a rubuta ba.

Na ajiye rikodar a gaban Baba, na ɗora hannunsa a kai ya shafa. Ya ce mene ne. Na faɗa masa. Ya ce, “Ba na rera wa akwati. Akwati ba ya azumi.” Tana cikin kabad, in ka samu mai zuwa ka aiko a ɗauka.

Na goman da zai cika jam'i daga Fas aka samo shi, wani tela Eliyahu, mutumin kirki. Ya bar iyalinsa ya zo ya kwana biyu a ɗakinka.

Ranar Kippur, Baba ya sa fararen kayansa, ya tsaya tun safe. Makluf ya kawo masa kujera sau uku, sau uku yana ture ta da ƙafa. Muryar ta yi ƙasa amma tana tafiya, har na fara cewa Allah ya rufa mana asiri. Mu huɗu ne a benen mata. Da rana ta sauka kan tagar yamma, ya ja mayafin ya rufe kansa, ya ɗauki karin rufe ƙofa. Gaɓar farko ta fita kamar yana ɗan shekara arba'in. Ko Shalom kurma ya farka, ban san me ya ji ba. Ta biyu ma ta fita. A tsakiyar ta uku, wurin nan da ake hawa sama, sai sautin ya yanke. Ina hango mayafin yana motsi, bakinsa na aiki, babu abin da ke fitowa.

Mazan nan tara suka tsaya suna duban juna. Ban da Eliyahu, duk a cikin karin nan suka girma, amma ba wanda ya iya ɗauka. Na cusa gefen gyalena a baki na cije. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Daga ƙarshe Makluf ya karance sauran kamar mai karanta takardar kotu, aka busa ƙahon rago, kowa ya tafi shan ruwa.

A hanyar gida Baba ya ce mini, “Na bar ƙofar a buɗe.” Na ce Allah ya san niyyarka. Ya ce, “Shi ya sani. Su fa?”

Bayan idi suka zo da mota daga Fas. An naɗe littattafan Attaura biyar cikin barguna, aka jera su a kujerar baya kamar marasa lafiya. Baba ya sa na kai shi ya dafa kowanne. Si Larbi mai gidan burodi, wanda ya shekara talatin yana dafa mana tukunyar Asabar a tandarsa, ya fito ya tsaya bakin ƙofarsa har motar ta sha kwana. Makullin majami'ar yana wurina, ba wanda ya tambaye shi.

Tun ranar Baba bai sake rera komai ba, ko albarkar abinci a faɗe yake yin ta.

Ina fata mutum ɗari takwas ɗinka sun ji daɗi, kuma ba su makara ba.

Fireha


Montreal
12 ga Fabrairu, 1980

Yaya Fireha,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba. Ki yafe mini jinkirin amsa. Na fara rubutawa ya fi sau biyar ina yagewa. Ƙanƙara ta rufe gari, ƙaramin ya yi mura amma ya warke. Simi tana gaisuwa.

Abin da kika faɗa na ji.

Nan kuma kwamiti sun zauna. Sun ce sun ga na gaji, in huta. Daga idin Pesah na Paris ɗin ne zai riƙa tsayawa. Yanzu dai lokaci ya samu, ya ma yi yawa. Allah ya nufe ni da ganin fuskar Baba.

Ki riƙa rufe masa ƙirji da safe.

Ƙanenki,
Amram


Sefru
3 ga Maris, 1980

Ƙanena Amram,

Gaisuwa gare ka da Simi da yara, Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Mu nan sanyi ya fara sauka, Baba yana fitowa tsakar gida ya sha hantsi.

Ashe mutanen naka suna da imani. Tunda sun ba ka hutu, na janye maganar da na faɗa a kansu, rabinta dai. Wadda na faɗa maka ma ka bar ta, zafin rai ne.

Na karanta wa Baba wasiƙar. Washegari ya sa na kira masa wanzami, abin da ya wata huɗu bai yi ba. Na sa an shafe ɗakinka da farar ƙasa, na shanya katifar. Shekaranjiya ina wanke-wanke na ji yana gwada muryarsa a ɗaki, a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta warke daga karaya. Na yi kamar ban ji ba.

Pesah saura wata guda. Ka rubuto ranar da jirginku zai sauka, Si Larbi ya ce ɗan'uwansa mai tasi zai ɗauko ka daga Fas. Kada ka ɗauko tsaraba, babu wanda ya rage da za a ba. Ka zo da Simi in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ka zo da bakinka da kunnuwanka.

Yayarka,
Fireha


Sefru
19 ga Mayu, 1980

Amram,

Ina fata kana lafiya. Ban san ko kana lafiyar ba, wata uku ke nan babu ko layi ɗaya.

Baba ya rasu ranar Talata, shida ga wata, da hantsi. Mun gama zaman kwana bakwai. Ban buga maka waya ba, da gangan.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don haƙƙinka ne, ba don ka nema ba. Mun yi Pesah mu biyu, da faranti uku. Kullum in motar Fas ta shigo da azahar yakan ɗaga kai, yana jin ƙararta tun daga gada. Ba ya tambaya. Sai in ce, “Ba yau ba, Baba.” Ya ce, “Na tambaye ki?” Bayan idi ya daina fitowa tsakar gida. Likita ya ce ruwa ne a huhu.

Ana jibi zai rasu, da la'asar, ina ba shi romo, ya ture cokalin. Ya ce, “Gaɓa ta huɗu ta ɓace mini. Tun safe nake nemanta.” Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Amram, shekara arba'in da wani abu, duk wata guda kafin Kippur, Baba yakan rufe ɗaki ya yi ta bitar karin nan, ni kuwa ina bakin ƙofa ina tsince alkama. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya hana ni ji. Na ajiye kwanon, na rera masa, tun daga farko har inda ake sauka. Ban taɓa buɗe baki da karin a gabansa ba sai ranar.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sai ya ce, “Wa ya koya miki?”

Na ce, “Ƙofar ɗakinka ba ta rufuwa sosai.”

Ya ce, “Ranar Kippur kina sama?”

Na ce ina sama.

Ya ce, “Kina da shi, kika yi shiru.”

Na ce, “Da na ɗauka, Baba, da ka yafe mini?”

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, “A'a. Da ban yafe ba.” Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, “Kin ja numfashi a inda ba a ja. Sake.” Na sake. Sau huɗu ya sa na sake, yana gyara mini da yatsa a tafin hannuna, yadda yake yi maka. Ina da shekara hamsin da tara na yi darasina na farko.

Mazanmu huɗu kawai suka rage a gari, shida aka kawo daga Fas don a cika goma a maƙabarta. Maƙwabta Musulmi sun raka mu har bakin ƙofa, sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Addu'ar da ɗa ke yi wa ubansa, Eliyahu tela ne ya yi ta. Sai da ya tambaye ni sunan mahaifiyar Baba, don bai sani ba.

An ba ka hutu, ka huta. Allah ya sa ya yi maka amfani.

Fireha


Montreal
9 ga Yuni, 1980

Yaya,

Albarka ta tabbata ga Mai shari'ar gaskiya. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa Baba ya huta cikin salihai. Na yaga rigata, na zauna a ƙasa kwana bakwai, ko da yake ba wanda ya ɗora mini. Lafiyarmu ƙalau, in wannan sunanta lafiya.

Yaya, ba hutu aka ba ni ba. Korata aka yi. A nan haka suke faɗa, su ce ka huta, su ba ka agogon bango da sunanka a jiki. Na rubuta miki da irin bakinsu don na kasa rubutawa da nawa. Tun watan Maris ina sito na yayan Simi, ina ninke riguna ina sawa a kwali. Wasiƙarki ta farar ƙasa da wanzami a wurin na karanta ta, a tsaye. Na sa ta a aljihu, tana nan har yau.

Ba kuɗin jirgi ne ya hana ni ba, Simi ta ce ta sayar da awarwaronta in tafi. Abin da na kasa shi ne in tsaya gaban Baba ya ce, “Wa ka bar wa jama'arka?” Ko ban amsa ba zai ji a muryata. Na ƙi zuwa ranar da yake bukatata don in tsare wuri, wurin kuma bai tsaru ba. Kullum sai in ce bari in samu wata majami'ar tukuna, in je masa da kaina a ɗage. Na gwada uku. Ɗaya sun ce na tsufa, ɗaya sun ce karina na ƙauye ne, ɗaya har yau ba su amsa ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan. Layin nan naki na bara, da kika ce bai ce in zo ba. Ban yi kuskuren karatu ba. Na gane shi tun a bakin akwatin wasiƙu. A gidan nan na girma, na san yadda Baba ke kira. Na zaɓi in karanta shi yadda zai bar ni in yi barci.

Yanzu kullum safe da yamma ina zuwa majami'ar da ta kore ni, don ita ce kusa. Ina tsayawa a sahun baya ina yi wa Baba addu'ar ɗa, zan yi ta wata goma sha ɗaya. Na Paris ɗin yana da murya, ba zan yi masa ƙarya ba. Arman yana gaishe ni da hannu biyu.

Ban cancanci in roƙe ki komai ba. Amma karin nan yanzu a bakinki kaɗai yake a duniya. Rikodar tana kabad ɗinki.

Ƙanenki, in har yanzu kin yarda,
Amram


Sefru
30 ga Yuni, 1980

Amram,

Mun gode da ta'aziyya. Ina lafiya, ƙafa ce ke kumbura da yamma. Ka gaida Simi, ka ce mata ta bar awarwaronta a hannunta, mace ce ta gari.

Akwai abin da ban rubuta maka ba a watan Maris, don a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Da na karanta wa Baba cewa an ce ka huta, sai ya ce, “Ba a ba hazan hutu a Pesah.” Na ce can Kanada ne, komai nasu daban. Ya ce, “Sun sallame shi. Gyara masa ɗaki.” Na ɗauka rikicin tsufa ne, har na yi masa dariya. Ashe ni ce ban iya karatu ba. Ya sani, Amram. Da saninsa ya kira wanzami.

Ban faɗa don in ƙara maka ba. Na ga gara ka sani.

Ni ma ba na rera wa akwati. In kana so, ka zo ka zauna a tabarma kamar kowane ɗalibi. An sayar da gidan, bayan idi zan koma gidan kula da tsofaffinmu na Kasabalanka. Kana da wata biyu. Wannan karon na ce ka zo, ka duba da kyau, da baƙin alƙalami na rubuta.

Yayarka,
Fireha


Montreal
6 ga Oktoba, 1980

Yaya Fireha,

Gaisuwa mai yawa. Na dawo daga Sefru lafiya tun tuni, hidimar idi ce ta hana ni rubutu. Yaya ƙafar? Kina shan maganin ko kina ɓoye shi a ƙarƙashin matashi? Yaran sun cinye zaitun ɗin cikin kwana uku.

Ki daina zargin kanki. Sati uku kika zauna da ni, kika gyara mini gaɓa uku da na shekara ashirin ina yi a karkace. Ranar da muka zo ta huɗu kika buɗe baki ta ƙi fitowa, na ga yadda kika yi. Kin ce tun ranar jana'iza ba ki sake taɓa ta ba. Ai ba ke kika yar da ita ba, ni na makara.

Wasu tsofaffin mutanen garinmu, su wajen talatin, sun kama wani ɗaki a ƙarƙashin shagon ɗinki, suka ce in ja musu Kippur. Na yi. Da rana ta faɗi na rufe kaina na ɗauki karin Baba. Wata tsohuwa, ƙanwar Shalom kurma, ta fara kuka tun a gaɓar farko. Na kai ƙarshen ta uku na tsaya. Zan iya ƙirƙiro wani abu in liƙa, ba wanda zai gane. Na kasa. Na karance sauran a faɗe.

Da aka fito tsohuwar ta ce mini, “Ɗan Mesod, ka manta ƙarshen.” Na ce na manta, Inna.

Ki rubuto mini yadda sabon wurin yake.

Ƙanenki,
Amram


Kasabalanka
24 ga Nuwamba, 1980

Ƙanena Amram,

Gaisuwa gare ku duka. Ƙafar da sauƙi, maganin kuma ina sha, don a nan tsayawa suke a kanka sai ka haɗiye. Mu biyu ne a ɗaki, ni da wata 'yar Marrakesh mai minshari. Abincin babu gishiri. Daga taga ana hango teku kaɗan, in ka leƙa ta gefe.

Ranar Alhamis gaɓar nan ta dawo. An ba mu wake mu tsince a kicin, don kada mu zauna haka. Ina tsincewa, ba na tunanin komai, sai na ji ta a bakina, gaɓa ta huɗu, tun daga hawa har sauka, har wurin numfashin da Baba ya gyara mini. Na bar waken a nan. Na nemi takarda, sai na tsaya da alƙalami a hannu kamar wawuya. Kalmomin ai kana da su a littafi. Abin da ba ka da shi ba ya rubutuwa, ni dai ban iya ba.

Na sa gyale na tafi gidan waya, ina ta maimaitawa a hanya, mutane na kauce mini. Na jira awa guda kafin a haɗa ni da Kanada. Simi ce ta ɗauka, ta ce kana sito. Na ce, “Simi, yi shiru ki saurara.” Na rera mata a cikin ɗan akurkin wayar nan, ƙofar ba ta rufuwa, duk masu layi suna ji. Wani ɗan sanda har ya cire hularsa, ya ɗauka rasuwa aka yi. Da na gama na ce ta maimaita mini. Amram, matarka mace ce ta gari, amma abin da ta maimaita ko akuya ba za ta amsa shi ba. Muka yi ta dariya, muka koma kuka, layin ya yanke.

Yanzu ina yin ta sau uku a rana, bayan kowane abinci, don kada ta sake gudu. 'Yar Marrakesh ta kai ƙarata wurin shugabar gida.

Akwai waya a ofishin shugabar, ta yarda a kira ni ranar Lahadi. Ƙarfe huɗu na yamma namu, sha ɗaya na safe naku. Ban san ranar da takardar nan za ta same ka ba, don haka duk Lahadi zan je in zauna kusa da wayar. Ka sha ruwan ɗumi kafin ka kira, ba sau ɗaya za ka maimaita ba.

Yayarka,
Fireha